Wasiƙa daga Agege: kafin ku zare batir, ku danna tsaya tukunna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka, dan Allah ina roƙon ka ɗan tsakura min fili a jaridar nan taku mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu ɗaukar murya, musamman na nan Legas, koda yake na san abin da zan faɗa ya shafi na Kano da Sakkwato da Damagaram ma.

Ni mazaunin Agege ne, sana'ata bada hayar kayan sauti, lasifika da amfilifaya da makirfo, ina kai su wajen walima da saukar karatu da ɗaurin aure da tafsirin azumi, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12, har Alaba Rago in an kira ni ina zuwa in dai za a biya kuɗin mota. Da kaset na fara ɗaukar wa'azi, na zo na koma faifan sidi, yanzu kuma 'yar ƙaramar rikoda ce mai cin memori wadda ba ta kai tafin hannuna ba. Duk tsawon shekarun nan ina danna ja, wato maɓallin ɗauka, in danna tsaya ne kawai ban taɓa tambayar me ke faruwa a cikin na'urar ba, sai da ta kunyata ni a gaban mutane.

Ga yadda abin ya faru. Wasu 'yan uwa suka neme ni in ɗauki hirar mahaifinsu, dattijo ne da ya haura tamanin, ya zo Ikko yana saurayi a jirgin ƙasa ya shiga harkar goro, irin mutanen da suka san Agege tun tana da gonaki. Tarihin zaman Hausawa a Agege ai da goro da layin dogo yake tafe, layin nan da ya isa Kano a 1911, kuma yawancin wannan tarihi ba a takarda yake ba, a bakin tsofaffi yake. Muka zauna a zaurensa bayan la'asar, Baba ya saki jiki yana ta bayani, wajen awa biyu, ni kuma ina gefe ina gyangyaɗa kai ban lura alamar batir tana ƙiftawa ba, batir ɗin ma irin na arha ne da na saya hannun wani yaro a cikin gosulo. Kawai sai na ga fuskar rikoda ta yi duhu. Na ce ba komai ai abin da ta ɗauka ta ɗauka. Da na koma shago na sa memorin a kwamfuta, ga sunan fayil nan ɓaro-ɓaro amma girmansa sifiri, na danna ya ƙi buɗewa, na kai wata kwamfutar ya ƙi. Babban ɗansa bai zage ni ba, kallon da ya yi min ne ya fi zagi ciwo. Kafin mu sa wata rana Baba ya kwanta ciwo, bai tashi ba, Allah ya jiƙansa da rahama.

Wannan ne ya sa na zauna na koyi abin, kuma wallahi ba shi da wahalar da muke zato.

Murya dai girgizar iska ce. Ka tsaya gaban babbar lasifika ana magana ka sa tafin hannunka, za ka ji iskar tana bugun ka. A cikin makirfo akwai wani ɗan siririn abu kamar fatar kalangu, iska ta girgiza shi, shi kuma ya mayar da girgizar ta zama 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da yadda muryar ke hawa da sauka. Zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, wannan wutar ce ake shafa wa zaren ta hanyar maganaɗisu yana tafiya santimita 4.76 a sakan ɗaya, shi ya sa in wuta ta ɗauke ana cikin ɗauka ba ka da asara sai ta abin da ya biyo baya, wanda ya hau zare ya hau. Sabon da na yi da kaset ne ya cuce ni, na ɗauka rikodar zamani ma haka take.

Ita rikodar zamani ba shafawa take ba, ƙidaya take yi. Akwai wata 'yar ƙwaya a cikinta da ba ta da aiki sai auna ƙarfin wutar nan da ke zuwa daga makirfo ta rubuta lamba, ta sake aunawa ta sake rubuta lamba. Ka ɗauka mutum ne ya tsaya a bakin ruwan Ikko da sanda yana auna tsayin igiyar ruwa yana rubutawa a littafi, in ya auna sau ɗaya a minti ba za ka gane komai daga lambobinsa ba, amma in yana aunawa da sauri sosai to daga lambobin kaɗai za ka iya sake zana igiyar kamar kana ganin ta. To ita rikoda a ma'aunin faifan sidi sau 44,100 take aunawa a cikin sakan ɗaya tak. Ba da ka aka zaɓi lambar ba. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa kamar 20,000 a sakan, mu da muka tsufa a gindin lasifika kam namu ya daɗe da raguwa, kuma masana lissafi irin su Harry Nyquist da Claude Shannon na Amurka sun nuna cewa in kana son kama sauti daidai sai ka auna shi fiye da ninki biyu na girgizarsa mafi sauri. Ninki biyu na 20,000 shi ne 40,000, aka ɗan ƙara sarari a kai, da haka Sony da Philips suka fito da sidi a 1982. Masu fim da talabijin su 48,000 suke amfani da shi. Layin tarho na da kuwa 8,000 ne kacal, shi ya sa in mutum yana faɗa maka suna a waya sai ka kasa bambance "s" da "f".

Sai kuma abin da ake awon da shi, wanda suke kira bit. Mai awo da mudu da mai awo da ƙaramin gwangwani ba ɗaya ba ne, mai gwangwani ya fi kusa da gaskiyar abin da ke cikin buhu. Bit 16 yana ba rikoda matakai 65,536 da za ta zaɓi lamba a ciki, bit 24 kuma matakai 16,777,216. Amma kowanne yana da rufi, kuma nan ne 'yan uwana suka fi yin ɓarna. In ka ƙure ƙarfin makirfo har muryar ta wuce lamba mafi girma, rikoda ba ta da inda za ta rubuta saura, sai ta yanke kan igiyar ta bar shi a baje, shi ne wannan ƙarar mai kama da yagewar takarda da kuke ji duk sanda malam ya ɗaga murya ko jama'a suka yi kabbara. Kaset yana ɗan yafe maka in ka ƙure shi, lamba ba ta yafiya. In ka ga jar wuta tana kamawa ka rage, gara muryar ta yi ƙasa kaɗan a ɗaga ta daga baya da a ce ta fashe. Kuma dan Allah a daina ajiye rikoda a gaban ƙahon lasifikar masallaci, a ja waya daga bayan amfilifaya kai tsaye, in ba haka ba da kukan janareta da hon ɗin danfo da amsa kuwwar gini duk za ka kwasa. Wannan gurnanin "mmmm" da ke bin wasu wa'azozin daga farko har ƙarshe kuwa yawanci wutar gida ce, tamu a Najeriya sau 50 take juyawa a sakan, in waya ba ta da kyau sai ta shigo cikin muryar ta zauna.

To waɗannan lambobin jere su ake yi ɗaya bayan ɗaya, shi ne fayil. In an bar su yadda suke ba a taɓa ba shi ne WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991. Lissafinsa ko ɗan firamare zai yi: 44,100 sau bit 16 sau kunne biyu, hagu da dama, ya ba ka bit 1,411,200 a sakan, wato minti ɗaya ya ɗan haura mega 10, awa ɗaya wajen mega 635. In ka sa 48,000 da bit 24 awa ɗaya ta ɗan wuce giga ɗaya. Mutane suna jin haka sai su ce kai ina, memori zai cika, su gudu wajen MP3. Amma ku tsaya mu yi lissafin tafsiri. Kwana 30, kullum awa biyu, awa 60 kenan, a kunne biyu wajen giga 38. Malam da mai jan baƙi da mai fassara in akwai, duk ta amfilifaya ɗaya suke fitowa, me za ka yi da kunne biyu? Ka mayar da ita kunne ɗaya, nan take ya koma giga 19, memori mai giga 32 ya ɗauke azumin gaba ɗaya har da ragowar fili na wa'azin sallah.

Yanzu ga inda ni na faɗi. Duk wanda ya san Mile 12 ya san yadda ake sauke tirelar albasa, 'yan dako suna ta shiga da buhuna cikin rumfa, malamin da ke riƙe da littafi ya buɗe shafi ya rubuta sunan mai kaya, amma gurbin jimilla ya bar shi fari don ba zai san buhu nawa ba ne sai an gama saukewa. Haka rikoda take yi sak. Da ka danna ja sai ta buɗe fayil ta rubuta masa ɗan kai a farko, a WAV na gama-gari baiti 44 ne kawai, kowane baiti bit takwas ne, a ciki ta faɗi sau nawa take aunawa, bit nawa, kunne nawa, sai gurbin tsawon muryar ta bar shi. Lambobin kuma ba kai tsaye suke zuwa kan memori ba, tana tara su a wata 'yar ma'ajiya ta wucin gadi kamar yadda 'yan dako ke tara buhuna a bakin ƙofa, in sun taru ta kwashe ta zuba a ciki. Shi memorin ma yanka-yanka yake kamar ɗakuna, kuma yana da nasa littafin da ke cewa fayil kaza ya fara a ɗaki kaza ya ci gaba a ɗaki kaza. Sai ka danna tsaya ne take kwashe ragowar na bakin ƙofa, ta koma farko ta cike gurbin jimilla, ta gyara littafin memori ta rufe. In batir ya mutu kafin haka ko wani mai gaggawa ya zare memori, buhuna suna nan jibge a rumfa amma littafi yana cewa babu komai, kwamfuta kuwa littafi take karantawa, ba ta leƙa rumfa. Wasu sababbin rikodoji suna da wayo, suna rufe fayil da kansu in sun ga batir ya yi ƙasa ko su riƙa gyara littafin lokaci-lokaci, tawa dai ba ta da shi, kuma ban ba kowa shawarar ya gwada tasa a ranar aiki ba.

Allah ya taimake ni da abu ɗaya, haushi ya sa na jefa memorin a aljihun tebur ban sake ɗaukar komai da shi ba. Bayan arba'in ɗin Baba ina ba wani yaro ɗan unguwarmu labari, yana koyon gyaran kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja, sai ya ce Kawu kawo in gani. Abin da ya fara yi shi ne ya kwafi memorin gaba ɗayansa ɗaki-ɗaki ya ajiye asalin gefe, sannan ya ɗauko lambobin tsurarsu ya zuba a wata manhaja ta kyauta mai suna Audacity, wadda take yarda ka faɗa mata da bakinka abin da kan fayil ya kamata ya faɗa. Ya tambaye ni a kan me na saita rikodar, na yi tsuru-tsuru don ban sani ba. Ya gwada bit 16, sai shuuu kamar rediyon da ya ɓata tasha. Ya gwada 24, sai ga murya, amma ta yi kauri tana jan jiki kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi, ashe a 48,000 aka ɗauka shi kuma ya sa 44,100. Yana gyarawa sai ga Baba raɗau kamar yana zaune a shagon, har da tarinsa da ƙarar butar da jikarsa ta ajiye. Ni da furfurata sai da na fita waje.

Wannan littafin memorin shi ne kuma sirrin gogewa. In ka goge fayil a rikoda ba a kwashe buhunan ba, suna kawai aka soke aka ce ɗakunan nan babu mai su, muryar tana nan har sai sabuwar ɗauka ta hau kanta. Saboda haka in ka goge bisa kuskure, ko ma ka yi fomatin, wato ka share memorin gaba ɗaya, kar ka ƙara ɗaukar ko sallama, zare memorin ka kai wa wanda ya sani. A wayar hannu abin ya fi wuya sosai, kar ka sa rai. Ta ɗaya ɓangaren kuma duk wanda zai sayar da tsohon memori ko ya bada aro ya tuna sirrin mutane na iya kasancewa a ciki ko da ya ga babu komai.

Akwai kuma memorin jabu, an rubuta giga 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali cikinsa bai wuce 8 ba, an koya masa ƙarya ne kawai. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, in ya cika sai ya riƙa zubar da sabo ko ya hau kan tsoho, sunayen fayil duk suna nan sai ranar da ka zo saurare. Na taɓa sayen irinsa a hannun wani mai tebur, rabin kuɗi, na ɗauka na yi wayo. Gwajinsa shi ne ka cika shi taf da kaya kafin ranar aiki sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In kuma ka ga doguwar ɗauka ta rabu gida biyu ko uku kar ka tsorata, tsarin FAT32 da yawancin memori masu giga 32 zuwa ƙasa ke zuwa da shi ba ya riƙe fayil ɗaya da ya wuce giga 4, wasu rikodojin ma a giga 2 suke yankawa su buɗe sabo, haɗa su ake yi. Fomatin kuma a cikin rikodar za ka yi, ba a waya ba.

Maganar MP3 ba zan ce ba shi da amfani ba, ai shi ya kai wa'azi kowane ƙauye. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus ne suka jagoranci ƙirƙiro shi, dabararsu ita ce a zubar da sautin da kunne ba zai lura da rashinsa ba, sai minti ɗaya ya dawo kamar mega ɗaya maimakon goma, tafsirin nan na awa 60 ya koma giga uku da rabi. Matsalar ita ce abin da aka zubar ya tafi kenan. Kamar mai shayi ne ya ƙara ruwa, ba mai iya tsame shi, ko ka mayar da MP3 zuwa WAV girma kawai ya ƙara. Mu kuma me muke yi, a ɗauka a MP3, wani ya yanka ya sake matsewa, wani ya kunna a lasifika ya ɗauka da saƙon murya na WhatsApp wanda shi ma matsewa yake, wani ya ɗora hoto ya mayar bidiyo, kafin ya zagayo muryar malam ta koma kamar yana magana a cikin randa. Alhali kwafin fayil in dai kwafi ne kawai ba a sake matsewa ba, ko sau dubu aka yi lambobin ba sa canjawa, wannan ne ma babban fifikonsa a kan kaset. A ɗauka a WAV a ɓoye shi a matsayin uwa, a fitar da MP3 daga jikinsa a raba wa jama'a.

Ɓoyewar ma ba wuri ɗaya ba. Babban diski na kwamfuta faranti ne ke juyawa a ciki sau 5,400 ko 7,200 a minti da 'yar allura tana shawagi a samansa, faɗuwa ɗaya yana aiki ta isa ta kashe shi. Memori da filas ba abin da ke juyawa amma caji suke riƙewa a 'yan ƙananan gurabe, in aka yasar da su shekaru a wuri mai zafi cajin na iya zurarewa. Ga danshin Legas da ya sa kaset-kaset ɗina na da duk suka yi fumfuna, ga ruwan da ke shiga shaguna duk damina. Ni yanzu uku nake yi, ɗaya a kwamfutar shago, ɗaya a diskin da ke gida, ɗaya na aika wa ƙanena a arewa.

Sheikh Abubakar Gumi ya rasu tun 1992 amma har gobe ana jin tafsirinsa saboda wasu sun ɗauka kuma sun adana. Ina kira ga kwamitocin masallatanmu da fadojin sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, kuɗin da ake kashewa a kan rumfa da kujeru na taro ɗaya ya isa a sayi rikoda mai kyau da diski biyu a ɗora wa yaro ɗaya mai hankali alhakin su, a kuma bi tsofaffin da suka rage tun suna iya magana. A rubuta wa kowane fayil suna da kwanan wata da wurin da aka ɗauka, ba a bar shi da lambar da na'ura ta ba shi ba.

Hirar Baba dai na kai wa 'ya'yansa, awa ɗaya da minti hamsin da wani abu. 'Yan sakan na ƙarshe ne kawai ba a samu ba, waɗanda suke bakin ƙofa lokacin da batir ya mutu. Yana cikin cewa ranar da ya sauka a tashar Agege bai san kowa ba sai wani mutumin kirki ya riƙe masa akwati ya kai shi gidansa, sunansa, sai shiru. Mun tambayi duk tsofaffin layin, har yau ba wanda ya san ko wane ne.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Mai hayar kayan sauti,
Agege, Legas.